A Koya Mana Kwalliyar Zuwa Aiki

Edita, assalamu alaikum.

Bana na fara koyarwa nan Gombe, iyaye suna ɗaukata ɗaliba. Sai na shiga laftar hoda mai haske don a ga na girma. Kafin azahar zufa ta wanke rabi, fuska fari fat, wuya baƙi.

Yayata ta zaunar da ni gaban madubi. Muka gwada hoda a muƙamuƙina cikin hasken rana har ta saje da fatata. Gira a taje kawai, kwalli siriri, man leɓe kaɗan. Da hunturu, man kaɗanya tukuna. Minti 5 na gama.

Roƙona, ku buɗe mana shafin irin wannan. Kwalliyar amare kaɗai muke gani. Ku kuma ja kunne kan man bilicin mai zaiba, yana lalata ƙoda.

Wata malama, Pantami, Gombe.