Masu Sikila da Ƙishirwar Hunturu: Kira ga Iyaye a Zangon Kumasi

Malam Edita, assalamu alaikum.

Mu ma'aikatan lafiya ne a Kumasi. Muna roƙon fili domin mu ja hankalin iyaye a Asawase da Aboabo kan hana yaro mai sikila shan ruwa da yamma wai don maganin fitsarin kwance. Wannan ɗabi'a tana da haɗari, kuma dalilin yana cikin ƙwayar jinin kanta.

Jar ƙwayar jini mai lafiya ba ta barin sinadarin kalsiyam ya taru a cikinta. Wanda ke yawo a ruwan jini ya ninka na cikinta fiye da sau 10,000, domin akwai famfo a fatarta da ke fitar da shi dare da rana. A jikin mai sikila kuwa, da zarar iskar oksijin ta yi ƙasa, sai haimogulobin ɗinsa, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin ƙwayar, ya sandare ya zama zare-zare, ya miƙe fatar ƙwayar. Miƙewar nan ce ke buɗe wasu ƙofofi, ciki har da wadda ake kira Piezo1, kalsiyam ya kutsa ciki. Shi kuma sai ya buɗe ƙofar Gardos, wadda ta samo sunanta daga masanin ƙasar Hangari da ya gano aikinta a 1958. Ta nan sinadarin fotasiyam ke kwarara waje, sinadarin kuloraid ya bi shi, ruwa ya bi su duka. Ƙwayar ta tsotse kamar tumatirin da aka shanya.

A nan ne abin ke ɓaci. Yawan haimogulobin a ƙwaya mai lafiya kusan giram 33 ne a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita), amma a wadda ta bushe yakan haura 40. Ɗan ƙarin kauri kaɗan ya isa ya sa sandarewar ta faru kafin ƙwayar ta fice daga siraran jijiyoyi, sai ta toshe hanya, ciwo ya tashi. Ƙwayar da ya kamata ta yi kwana 120 ba ta wuce 10 zuwa 20. An gwada maganin senicapoc mai rufe ƙofar Gardos: jini ya ƙaru, amma tashin ciwo bai ragu ba, aka dakatar da gwajin.

Ƙodar mai sikila ba ta iya riƙe ruwa yadda ya kamata, shi ya sa yake yawan fitsari ko da bai sha ba. Hana shi ruwa ba zai tsayar da fitsarin ba, jininsa ne zai yi kauri. A sa masa leda a katifa, a tashe shi cikin dare, amma a bar shi ya sha. Malaman makaranta su ma su ƙyale shi da gorarsa a aji, musamman a hunturu da iska ke busar da jiki ba a sani ba. Batun azumi kuwa, sai da shawarar likita.

Kada kuma wani ya ji an ambaci kalsiyam ya hana yaro madara. Ba abinci ke buɗe ƙofar ba.

Mu guji ƙarin ruwa ta jijiya a gida ko a kemis, domin idan ya yi yawa yana taruwa a huhu. Asibitin koyarwa na Komfo Anokye yana gwada jarirai tun 1995, don haka a kai jariri a san matsayinsa. Idan zazzaɓi ya kai digiri 38.5, ko yaro ya yi kukan ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi masa wuya, a nufi asibiti a wannan sa'ar.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan lafiya, Asawase, Kumasi.