Dogo, tabarau ya tashi a kan Linux

Kano, 20 ga Nuwamba, 2025

Dogo aminina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya karatu, ya sanyin Jamus? Ya madam da takwarana? Na san ka yi fushi, kuma kana da gaskiya. Wata huɗu ke nan saƙonka na murya yana zaune a wayata. Na saurare shi ya fi sau uku, kullum in ce sai na samu natsuwa in ba ka amsa mai tsawo, sai hidimar shago ta sha kaina. Ka yi haƙuri don Allah. Yau dai ina idar da sallar isha'i na ce ko ana ha maza ha mata sai na rubuta maka, don abin da ke bakina ya fi ƙarfin saƙon minti biyu.

Dogo, tabarau ya tashi. A kan Linux ɗina, buɗaɗɗen tsarin kwamfutar nan namu, a ɗakina, ba tare da ko ƙyallin Windows ba.

Ka tuna Quest 2 ɗin nan na hannu, tabarau ɗin da in ka ɗaura sai ka ga kanka a cikin gem, wanda Injiniya ya dawo da shi daga tafiya, ya ajiye a kan durowa yana shan ƙura? Bayan babbar sallah na lallaɓa shi ya sayar mini. Mako uku na yi ina fama. Na sa ALVR, wata buɗaɗɗiyar manhaja da ke ɗauko hoton gem daga kwamfuta ta turo shi cikin tabarau ta wayfai, amma hoton sai ya riƙa tsinkewa, in juya kai dama duniyar ta biyo ni a makare, cikin minti biyar jiri ya kama ni, zuciya ta fara tashi. Na canza direbobin katin hoto, na sauke wannan na ɗora wancan, shiru. Ashe laifin tsohuwar na'urar wayfai ɗin gidanmu ce, wadda ba ta wuce zangon 2.4 ba. Na je Farm Centre na samo mai zangon 5, na ja waya daga ita zuwa kwamfuta, na ɗora ta a kan kabad inda babu bango tsakaninmu. Daren Juma'ar da ta wuce, wuta ta zauna, na kunna gem ɗin Half-Life: Alyx.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta maka ba. Sai ga ni tsaye a baranda a City 17, rufin gidaje shimfiɗe har iya ganina, ga doguwar hasumiyar nan ta tokare sama. Na miƙa hannu na ɗauki gwangwani na jefa ƙasa, na leƙa ina kallon faɗuwarsa. A ciki akwai taga da alƙaluman rubutu a gefe. Na ɗauki ɗaya na rubuta DOGO a jikin gilashin da manyan baƙi, na tsaya ina kallon sunan, idona ya ciko. Shekara goma sha biyu muna maganar wannan rana, kai kana can ni ina nan.

Ina cikin haka Hajiya ta turo ƙofa da kwanon tuwo, ta tarar da ni ina kame-kame a iska. Ta ce, "Kai kuma lafiya?" Na roƙe ta ta gwada. Da ƙyar ta yarda, ta gyara ɗankwali na ɗaura mata. Tana leƙa ƙasan barandar nan ta damƙe hannuna gam tana salati, ta ce in cire mata, ƙasa ta yi nisa. Amma bayan ta zauna ta huta sai ta ce, "Wannan abin, za a iya ganin Ka'aba a ciki?" Tun daren ban daina tunanin tambayar nan ba. Mu gem muke hange, ita ta hango wani abu daban.

To ana haka kuma sai ga babban labari, wanda na san ka gani, sai dai ka ƙi kira na don kada in ce na faɗa maka. Ranar 12 ga watan nan Valve, mai kasuwar gem ta Steam, ta sanar da kaya uku: sabon akwatin gem na falo, Steam Machine, sabon hannun gem, da tabarau mai suna Steam Frame, duk ana sa ran su a farkon 2026. Abin da ya hana ni barci shi ne tabarau ɗin kansa SteamOS ne a cikinsa. Wato Linux ne zaune a goshinka. Ƙwaƙwalwarsa irin ta waya ce, Snapdragon, kuma don wasannin da aka rubuta wa kwamfutar tebur su yi aiki a kai, sun haɗa da wani tafinta mai suna FEX, shi ma buɗaɗɗe, kowa na iya duba cikinsa. Da muna roƙo ne a tuna da mu in an gama yi wa masu Windows. Yanzu a kan namu aka gina abin tun daga tushe.

Na san abin da za ka ce, har muryarka nake ji: "Haka kuka ce a 2015." Gaskiya ne, mun faɗa. Ka tuna Fabrairun 2013 da Steam ya fito a Linux, muka kwana a ɗakin Mai Shayi muna sauke Team Fortress 2 da modem ɗin aro, don kawai mu samu ɗan tsuntsun Tux da ake ba wa masu Linux kyauta? Kai ne ka ce in ban da wannan ba mu da komai sai SuperTuxKart, ka yi ta yi mini dariya har asuba, alhali kai ma Linux ɗin Ubuntu ne a kwamfutarka, kana ɓoye Windows a gefe kamar mai ɓoye ƙosai a aljihu. Daga nan muka ɗora buri a kan Oculus, masu ƙera tabarau, don kayan gwajinsu na farko suna aiki da Linux. Facebook ta saye su a 2014 kan kusan dala biliyan 2, a watan Mayun 2015 kuma suka ce sun dakatar da aikin Linux da Mac. A ƙarshen shekarar Steam Machine na farko ya fito, bai yi kasuwa ba. SteamVR, manhajar tabarau ta Valve, ya iso Linux a 2017, amma a matsayin gwaji. Duk ban manta ba.

Amma ka saurare ni, don a nan ne nake ganin ka tsaya a tsohon labari. A wancan lokacin dabarar ita ce a bi kamfanoni ɗaya bayan ɗaya ana lallashi su sake rubuta wasanninsu saboda Linux. Wa zai kashe kuɗinsa saboda mutanen da ba su kai biyu cikin ɗari ba? Ba wasanni, ba jama'a; ba jama'a, ba wasanni. A watan Agustan 2018 Valve ta sauya hanya da Proton. Maimakon a roƙi mai gem, sai a sa tafinta a tsakani: gem yana magana da yaren Windows, Proton yana juya wa Linux nan take. An gina shi a kan Wine, aikin da aka fara tun 1993, mutane suna ta haƙilo shekara da shekaru ana yi musu kallon masu ɗiban ruwa da rariya. Ɓangaren hoto kuma, wanda ke juya Direct3D, yaren hoto na Windows, zuwa Vulkan da Linux ke ji, wani ɗan ƙasar da kake zaune ne ya fara shi, Philip Rebohle, don yana son buga Nier: Automata a kwamfutarsa. Mutum ɗaya da son gem ɗaya! Daga baya Valve ta ɗauke shi aiki a kai. Duk lokacin da na tuna wannan sai in ji ƙarfin gwiwa. In ka taɓa haɗuwa da shi a jirgin ƙasa ka gaishe shi, ka ce wani a Kano yana godiya.

Sai Steam Deck, na'urar gem ta hannu ta Valve, a Fabrairun 2022, kan dala 399, ya sa Linux a hannun mutanen da ba su ma san sunansa ba. Elden Ring ya fito a watan, ya tashi a kai. A Yulin 2023 masu Linux suka wuce masu Mac a ƙidayar Steam, a ƙidayar Oktoban bana kuma muka haura kashi 3 cikin ɗari. Na san kaɗan ne. Amma da muke ƙasa da ɗaya fa?

Af, kafin in manta. An sa ranar Baba Ƙarami, bayan ƙaramar sallah in Allah ya kai mu. Yarinyar nan ce dai ta Gwammaja, wadda ka ce ba za ta saurare shi ba. Ya ce in gaya maka ko ka zo ko ka aiko da kuɗin anko ninki biyu. Gidan gem ɗin bakin layinmu kuma an rufe, kuɗin man janareta ya cinye ribar, yanzu shagon cajin waya ne da POS. Ranar da na ga ana fitar da bencinan nan da muka goge da wandunanmu, sai da na tsaya na daɗe. Mai Shayi ya haifi 'yan biyu, Hassana da Usaina. Injiniya kuma tun da ya ji tabarau ya tashi yake zarya gidanmu, wai a sayar masa da abinsa.

Yanzu bari in gaya maka abin da ke damuna, don kada ka ce murna ta rufe mini ido. Ƙwallo. Ka san a garin nan in an ce gem, ƙwallo ake nufi. Yara suna shigowa shago su ga Cyberpunk 2077 yana gudu a kwamfutata sumul, su yi ta mamaki, sannan su ce, "Yaya, akwai FC?" Sai in gaya musu gaskiya, babu. Tun daga FIFA 23, kafin a canza masa suna zuwa FC, wasan yana zuwa da manhajar hana maguɗi mai shiga can cikin cibiyar Windows ta zauna, kuma irin wannan ba ta tafintuwa. Haka Valorant, haka Fortnite. GTA Online ya rufe wa masu Linux ƙofa a Satumbar 2024, Apex Legends ya biyo baya a Oktoba, bayan ya yi shekaru yana aiki lafiya. Kuma ba wai hanya ce babu ba: tun 2021 Easy Anti-Cheat da BattlEye suka ba da damar aiki da Proton, sai dai mai gem ne ke da zaɓin kunnawa ko bari.

Ba na ce kamfanonin ba su da hujja. Mai maguɗi yana ɓata wa dubban mutane wasa, kuma tsarin da kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara ya fi wuyar gadi. Na yarda. Amma ni dai raina bai kwanta da in miƙa wa wani kamfani makullin ɗakina gaba ɗaya don in buga ƙwallo ta minti goma ba. Abin da nake fata shi ne yawanmu ya kai inda barin mu zai zama asara a gare su. Shi ya sa nake bin kashi ukun nan kamar manomi da hadari. In akwatin falo da tabarau suka shiga gidaje kamar yadda Deck ya shiga, lissafin zai canza.

Akwai kuma abin da ya fi gem. Ka ga yadda Microsoft ta cire manhajarta ta tabarau, Windows Mixed Reality, daga sabon zubin Windows 11, mutanen da suka sayi irin su HP Reverb G2 da tsada suka wayi gari da tabarau lafiyayye amma ba manhajar da za ta tashe shi. Masu aikin Monado, buɗaɗɗen tsarin da Collabora ke jagoranta, suna cikin waɗanda suka riƙa ƙoƙarin raya irin waɗannan. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don mu kayan hannu muke saye. Abin da Bature ya gama yayinsa shi ke isowa kasuwarmu. In kayan na mutuwa ne ranar da kamfani ya gaji da shi, to mu gawa za a riƙa sayar mana. Ko yanzu, tun da aka daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, kwamfutoci nawa ne a shaguna masu ƙarfinsu, amma ba su da na'urar tsaron nan TPM 2.0 da Windows 11 ke nema? A makon nan kaɗai na sa wa mutum huɗu Linux Mint, har da wani malamin Islamiyya da ya ce shi dai in rubutunsa na Larabci zai fito daidai, shi ke nan. Ya fito.

Wai me ma ka tambaye ni a saƙon? Na tuna, ko ka goge Windows ɗinka. Kada ka goge tukuna, na san ka da ƙwallo, kwana biyu za ka kira ni kana zagi. Ka raba faifan gida biyu, ka duba wasanninka ɗaya bayan ɗaya a ProtonDB, shafin da ke nuna waɗanda ke tashi da Proton, kafin ka yanke shawara. In za ka sayi katin hoto kuma, ni AMD nake amfani da shi, direbobinsa a buɗe suke, suna zuwa tare da tsarin. Akwai wata tambayar ta biyu da ka yi game da filin nan, sai na sake saurara in kira ka.

Ga roƙona. Valve ba ta aiko da kayanta Najeriya kai tsaye, amma tana kai wa Jamus. Ranar da aka buɗe layin sayen Steam Frame, ka sa suna da asusunka, don Allah kada ka yi nawa. Na fara tara kuɗin, na shiga adashen 'yan layin shago, ɗaukata a watan Maris. In ya iso ka buɗe ka gwada, na yafe maka wannan, amma ka riƙa rufe gilasan, kada ka bar su suna kallon rana ta taga, tana ƙona allon ciki. Ni nan ƙurar hunturu ce ta fara, sai da na ɗinka wa nawa jaka da ragowar shadda.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce ka turo hoton yaron, wanda ka aiko tun na suna ne. Ƙanin Injiniya zai taso wajenku a watan gobe, zan ba shi kilishi da yaji da kuka. Ka gaya mini in madam tana son daddawa, don sai an naɗe ta sosai kafin ta shiga jaka.

Ka gaida takwarana, ka shafa mini kansa.

Naka har kullum,
Habu