Godiya ga shagon batir na Ƙofar Ruwa da ya ceci rediyon motata

Assalamu alaikum. Wannan wasiƙa zuwa ga Alhaji mai shagon batir da ke kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, da yaran shagonsa, musamman ɗan rewayar da ya yi mini aiki ranar Asabar. Na ga ya dace in yi godiyar a bainar jama'a.

Alhaji, motata Honda Accord ce ta 2005, wadda ake kira EOD. Daga Kwatano aka kawo ta, hannu ya bi ta kafin ta iso gare ni, kuma ɗan katin lambar sirrin rediyonta bai biyo ta ba. Duk mai irin wannan mota ya san sharrin abin: da zarar an yanke wuta, rediyon ya kulle, fuskarsa ta rubuta CODE, sai ka danna lambobi biyar da suka dace kafin ya sake cewa uffan. An yi shi ne don ɓarayin rediyo, amma mu masu motar hannu mu yake cizo. Na taɓa ɗanɗana wannan a tsohuwar motata. Wani a bakin titi ya fizge batir ba tare da ya tambaye ni komai ba, na shafe watanni ina zuwa makaranta shiru, ba BBC Hausa da safe, ba Inda Ranka.

Shi ya sa da hunturun nan ya shigo, batir ya fara jan ƙafa da asuba har yara suka tura ni sau biyu, na yi ta ɗaga zuwa canji kamar mai gudun allura.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne tambayar yaronku kafin ya ɗauki sifana: "Malam, kana da lambar rediyon?" Na ce babu. Ya buɗe akwatin gaban mota ya leƙa gefe-gefe, domin wani lokaci akan manna lambar a can. Ba ta nan. Sai ya ce in ba shi minti biyu.

Ya dawo da ƙaramin batir mai bolt 12 da wata igiya. Ya durƙusa ya cusa kan igiyar a sokat ɗin OBD da ke ƙarƙashin sitiyari, inda ake sa na'urar binciken mota. Ya bayyana mini cewa akwai ƙafa ɗaya a sokat ɗin, ta 16, da take haɗe da wutar batir ko an zare makulli, don haka ta nan ƙaramin batir zai riƙe rediyo da agogo da birenbos, wato kwamfutar motar, yayin da babban ya fita. Na tambaye shi me ya hana a bi ta ramin kunna sigari. Ya yi murmushi ya ce a wannan motar ramin yana mutuwa da an kashe makulli, aikin banza ne.

Ya sa na kashe fitilu da fanka, na zare makulli, na rufe ƙofofi don ko fitilar rufi kada ta ja wuta. Ya fara kwance kan baƙar waya, sannan ja. Abin da ya fi burge ni, da ya cire jar wayar bai bar ta tana reto ba. Ya naɗe kanta da wani yankin tsohon tub ya ɗaure, ya ce yanzu tana ɗauke da wuta, in ta taɓa jikin mota fiyus zai ƙone kuma duk wahalar ta tashi a banza. Ya kankare farin gishirin da ya taru a bakin wayoyin, ya zaunar da sabon batir, ya ɗaure ja, ya bi da baƙa, sannan ya zare igiyarsa.

Ana cikin haka wani mai jiran layi ya ce ai da an bar injin yana aiki an canza, rediyo ba zai kulle ba. Alhaji, na ji amsar da kuka ba shi daga kan bencinku, cewa ba a shagonku ba. Kun yi gaskiya. Batir ne ke danne hauhawar wutar altanata, wato na'urar da ke cajinsa. In aka cire shi mota na aiki, ana iya ƙona birenbos. Da yawa suna yi suna tsira, sai ranar da ba a tsira ba.

Na murɗa makulli, mota ta tashi bugu ɗaya, rediyo ya kama tasharsa, agogo bai ɓata ko minti ba. Yaron ya sa mita ya nuna mini bolt 14 da ɗoriya, alamar altanata na caji. Kun karɓi tsohon batir kun rage mini kuɗin dalmarsa, igiyar kuwa ba ku caje ni sisi ba.

Kafin in tafi ya koya mini danna maɓalli na 1 da na 6 tare yayin kunna rediyon, lambar jikinsa ta fito a fuska, ya rubuta mini a bayan rasit don in nemi lambar sirrin da ita. Ina roƙon ku isar masa da gaisuwata, ku gaya masa rasit ɗin yana cikin takardun mota. Allah ya sa albarka a kasuwa, ya raya zuri'a.

Naku,
Wani malamin makaranta daga Kano