Ni na goge aikin ɗalibar, amma yaron shagonmu aka hukunta

Assalamu alaikum Malam,

Ina gaishe ka da fatan kana lafiya tare da iyali da duk ma'aikatan gidan rediyo. Ina cikin masu sauraron shirinka na fasahar zamani kowane mako, kuma na lura ba tambayar na'ura kaɗai kake amsawa ba, kana duba halin da mai tambayar yake ciki. Abin da ya ƙarfafa min gwiwar rubuto maka ke nan. Matsalata da kwamfuta ta fara, amma yanzu ta koma ta haƙƙin mutum, kuma mako uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Don Allah a sakaya sunana.

Ina aiki a wani shagon buga takardu da hotuna a Zariya, shekara 6 ke nan. Maigidana ya ɗauke ni tun ban san ko kunna kwamfuta ba, shi ya koya min aiki, shi ya tsaya min lokacin aurena. Yanzu ni ne babba a shagon idan ba ya nan.

Shekara biyu da suka wuce wata makarantar firamare ta kawo mana hotunan yara 412 za a yi musu katin shaida, kuma kowane hoto sai an canja masa suna zuwa lambar yaron. Na fara yi da linzami ɗaya bayan ɗaya, la'asar ta yi ban kai rabi ba. Wani abokina da ya yi karatun kwamfuta ya leƙo, ya ga wahalar da nake sha, sai ya buɗe min PowerShell, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni da hannu maimakon danne-danne. Microsoft ya fitar da ita tun 2006, kuma tana zuwa cikin Windows 10 da muke amfani da ita, ni ne dai ban taɓa sanin tana nan ba. Ya rubuta 'yan layuka, kafin in gyara zama hotunan nan duka sun ɗauki lambobinsu. Daga ranar na kamu da son abin. Na koyi haɗa jerin umarni in ajiye, na canja sunayen fayiloli, na rarraba su gida-gida bisa kwanan wata, na kwashe aikin yini zuwa faifan ajiya kafin mu rufe.

Da farko ta hanyoyi biyu nake buɗe tagar. Ko in riƙe Shift in danna linzamin dama a cikin folda in zaɓi buɗe PowerShell a nan, ko in rubuta kalmar powershell a layin adireshin da ke saman foldar in danna Enter. A lokacin ban lura da wani abu ba, sai yanzu da ya zame min ciwo: duka hanyoyin biyu suna buɗe taga sabuwa ne a cikin foldar da idona yake kallo. Inda nake, nan take.

Daga baya na sauko da manhajar Windows Terminal, na gano tana da wani salo da aka ƙara mata a 2021. Muddin manhajar tana kunne, idan ka haɗa maɓallin Windows da ɗan maɓallin da ke ƙarƙashin Esc, sai taga ta sauko daga sama ta rufe rabin fuskar kwamfuta kamar labule. Ka sake danna su ta koma ta ɓuya. An ce an kwaikwayi abin ne daga wasan kwamfuta na Quake wanda ya fito a 1996, shi ya sa ma salon yake ɗauke da sunansa. Malam, daɗin aikin ba a magana. Kwastoma yana tsaye, in sauko da labulen, in rubuta layi ɗaya, in mayar da shi, aiki ya ƙare. Sai dai wannan tagar ba rufewa take yi ba, ɓuya kawai take yi. Duk foldar da ka bar ta a ciki da safe, a nan za ka same ta da dare.

Muna da folda ta tarkace inda abubuwan da aka yi sikanin da kwafe-kwafen wucin gadi suke taruwa. Kowane dare nakan share ta da umarnin Remove-Item, tare da alamar tauraro mai nufin duk abin da ke ciki, da kuma ƙarin -Recurse wanda yake bin ƙananan foldodi ya share su ba tare da tambaya ba. A ranar da abin ya faru, da rana na shiga foldar wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe ta cikin wannan tagar, don in jera mata sunayen babi-babin kundin kammala karatunta. Mako biyar muna buga mata aikin daga rubutun hannu. Da dare an ɗauke wuta, man janareta ya kusa ƙarewa, maigida yana cewa a yi sauri a rufe. Na sauko da labulen, na yi ta danna kibiyar sama har umarnin sharar jiya ya bayyana, na danna Enter. Sunan foldar da nake ciki yana nan rubuce a farkon layin, ƙuru-ƙuru, ban duba ba. Kuma abin da aka goge ta wannan hanya ba ya biyawa ta kwandon shara na Windows balle a je a ɗauko shi.

Washegari da hantsi ta zo karɓar babi na 5, aka buɗe folda wayam.

Akwai yaro ɗan shekara 17 da yake koyon aiki a wurinmu, maraya ne, mahaifiyarsa awara take soyawa a bakin layinsu. Shi ya fara zama a kan kwamfutar da safe, kuma watannin baya ya taɓa goge takardar wani bisa kuskure. Ko tambaya maigida bai yi ba, ya rufe shi da faɗa a gaban ɗalibar da sauran kwastomomi, ya ce ya tafi gida wata guda ba ko sisi. A wannan lokacin, Allah ya sani, ni ma na ɗauka shi ne. Yana fita ya juyo ya kalle ni ya ce, "Yaya, wallahi ban taɓa foldar nan ba."

Maganarsa ce ta sa da yamma na je na duba. PowerShell tana ajiye duk umarnin da aka rubuta a wani ɗan fayil mai suna ConsoleHost_history.txt. Na buɗe shi, ga abin nan a jere: shigata foldar ɗalibar, canja sunayen babi, sai umarnin shara a ƙarƙashinsu, babu wani layin komawa foldar tarkace a tsakani. Jikina ya yi sanyi. Maigida yana zaune a gefena yana lissafin kuɗin yini. Na buɗe baki na kasa. Na ce gobe. Goben ce har yau ba ta zo ba.

Abin da na yi shi ne na duƙufa wajen ceto aikin. Na hana kowa taɓa kwamfutar, domin duk sabon abin da aka ajiye yana iya hawa kan wurin da tsohon yake. Na yi amfani da manhajar PhotoRec, ta tono ɗaruruwan fayiloli ba sunayensu na asali sai lambobi, na riƙa buɗe su ɗaya bayan ɗaya a wani faifan daban. Na samu babi na 4 cikakke. Na 1 zuwa na 3 akwai su a wayarta, domin na taɓa tura mata ta WhatsApp. Babi na 5 da jadawalin alƙalumanta kuwa sun lalace, sai da na kwana uku ina sake buga su daga takardunta. Ta yi asarar mako guda, ta yi kuka a shagonmu, amma ta miƙa aikin kafin wa'adi ya cika. Sai maigida ya yaba min a gaban mutane, har ya ba ni naira 10,000 na gode. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuɗin suna nan a ambulan, na kasa kashe ko naira ɗaya, kuma na kasa gaya wa matata dalili.

Malam, na san gaskiya ce ya kamata in faɗa, ba wannan nake tambaya ba. Yadda zan faɗe ta ne ya gagare ni. Laifina yanzu biyu ne, gogewar da kuma shirun mako uku, kuma na biyun ya fi ba ni tsoro, domin maigidana amana ya ba ni, har makullin shago a hannuna yake. In same shi ni kaɗai a gida, ko in nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya raka ni? Kuma wa zan fara samu, shi ko yaron? Zuciyata tana cewa yaron, tunda shi aka zalunta, amma ina tsoron maganar ta kai kunnen maigida ta bakin wani kafin nawa. Sannan an ci mutuncin yaron ne a bainar jama'a. Idan na ba shi kuɗin watan da ya rasa daga aljihuna na roƙi gafararsa a ɓoye, ya wadatar, ko sai an wanke shi a gaban waɗanda aka zarge shi a gabansu, har da mahaifiyarsa da ita ɗalibar?

Akwai kuma batun ita kanta tagar. Maigida dama ba ya son ganinta, yana kiranta baƙin allon 'yan damfara. Ban ga laifinsa sosai ba, domin akwai shafukan bogi da suke ce wa mutum ya tabbatar shi ba na'ura ba ne ta hanyar danna Windows da R, ya liƙa wani rubutu ya danna Enter, alhali umarni ne da zai sauko masa da manhajar sata. Na tabbata ranar da ya ji gaskiya zai ce a cire ta gaba ɗaya. Ni kuma na san aikin da take rage mana, har makarantu uku yanzu suke kawo mana katin shaida saboda saurinmu. Abokin nan nawa yana amfani da Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta da ba Windows ba, yana da irin wannan labule mai suna Guake da yake saukowa da maɓallin F12, ya ce shekaru yana aiki da shi bai yi ɓarna ba. Ya ba ni shawarar in riƙa ƙara -WhatIf a ƙarshen duk umarnin gogewa, wanda zai nuna abin da za a goge ba tare da an goge ba, kuma in daina dogara da tauraro, in rubuta cikakken adireshin foldar tarkace a cikin umarnin. Na fara yin haka. Amma na san kaina idan shago ya cika, kuma hannuna ya riga ya saba da kibiyar sama da Enter. A ganinka waɗannan matakan sun isa, ko in haƙura da labulen in koma tsohuwar hanyar da take buɗe taga a foldar da nake kallo, ko da za ta ɗan ja ni lokaci? Idan akwai hanyar da za a sa gogewar ta riƙa biyawa ta kwandon shara, ina so ka yi mana bayaninta a shirin.

Ranar Litinin ta sama yaron zai dawo aiki, kuma ni aka ce in ci gaba da koya masa. Jiya na hango shi yana taya mahaifiyarsa ɗaukar kaskon suya, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba. Don Allah Malam, idan da hali a karanta wasiƙar nan a shirin wannan makon, ina so in yi abin da ya dace kafin ya sake shigowa shagon.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Naka mai sauraro,
daga Zariya