Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Teku: A Buɗe Wa Yaranmu Ƙofar Karatun Jirgin Ruwa

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni malamin lissafi da kimiyya ne a wata sakandare da ke Tudun Wadan Zariya. Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya yi, ɗalibai kan yi mini caa suna neman shawara, kuma kusan bakinsu ɗaya ne: likita, lauya, ko injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello. Ban taɓa samun wanda ya ce mini jirgin ruwa yake so ya karanta ba. Da yawansu ba su ma san ana karanta shi ba.

Alhali makarantar horar da ma'aikatan jirgin ruwa da ke Oron a jihar Akwa Ibom tana nan tun 1979, jami'ar teku ta Okerenkoko a jihar Delta kuma ta fara karatu a 2018. A irin waɗannan wurare ake koyon tuƙi da sanin hanya a teku, da aikin injinan jirgi, da tattalin arzikin sufurin kaya.

Na san wani zai ce ina ruwan Bazazzagi da teku. To, taki da babur da injin ban-ruwan da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari, da yawansu ta teku suka iso. Citta da riɗi da zoɓon da manomanmu ke nomawa, ta teku suke fita. An buɗe tashar tsandauri a Kaduna a 2018 domin kwantena ta iso har gida. Wa zai riƙe irin wannan tasha in ba wanda ya san lissafin kuɗin dako, da inshora, da tarar da ake biya idan kaya suka kwana a tasha ba? Ɗan kasuwar da bai da ɗan gida mai wannan sani, duk farashin da aka yanka masa shi zai biya.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kogunanmu. A watan Mayun 2021 wani jirgi ya nutse a kogin Neja kusa da Warrah ta jihar Kebbi, mutane masu yawa suka rasu, kuma har yau kusan kowace damina sai an ji irin wannan labari. An lafta wa jirgi abin da ya fi ƙarfinsa, an yi tafiyar dare, babu rigar kariya. Yadda nauyi ke sauya daidaiton jirgi a kan ruwa darasi ne da nake rubuta tushensa a allo da alli. Yaron da ya tashi a Yawuri ko Zariya, ya karanci wannan har ya ƙware, ya dawo ya zauna da masu fito da sarkin ruwa yana yi musu bayani da harshensu, za su saurare shi fiye da baƙon da ya zo duba aiki na kwana ɗaya.

Ranka ya daɗe, Zariya ba baƙuwar wannan harka ba ce. Tun 1964 aka kafa makarantar horar da matuƙa jirgin sama a nan, kuma cibiyar fasahar sufuri ta NITT tana kan hanyar Basawa tun 1986. Na san tana ƙarƙashin ma'aikatar sufuri ne, amma ai gwamnati ɗaya ce. Roƙona a ƙulla yarjejeniya tsakaninta da makarantun teku, yaro ya yi shekarar farko a Zariya, ya koyi lissafi da zanen injiniya da iyo, sannan ya wuce kudu. Uban da ke ɗari-ɗarin tura ɗan shekara 17 bakin teku kai tsaye, zai fi sakin jiki idan ya ga an fara a gabansa. Shirin da hukumar kula da sufurin jiragen ruwa ta ƙasa, NIMASA, ta fara a 2008 na ɗaukar nauyin masu wannan karatu kuwa, a riƙa shelarsa da Hausa a rediyo tun kafin a rufe karɓar takardu.

Sai dai ba zan tura ɗan mutane inda zai maƙale ba. Ƙa'ida ce ɗalibin tuƙi ya yi wata 12 yana aiki a cikin jirgi kafin ya samu takardar ƙwarewa, kuma tun da aka rufe kamfanin jiragen ruwa na ƙasa a 1995, samun wannan gurbi ya zama jan aiki. Akwai dokar 2003 da ta fifita jiragen 'yan ƙasa wajen dako a ruwan Najeriya. A sa wa kamfanonin da ke cin moriyarta sharaɗin ɗaukar ɗalibai, a kuma bayyana yawan guraben kowace shekara, domin in san abin da zan gaya wa uba idan ya tambaye ni ina ɗansa zai dosa bayan karatu.

Idan ma'aikatarka za ta turo wanda zai yi wa 'yan ajin ƙarshe bayani kafin fom ɗin baɗi ya fito, ni zan nemi izinin shugaban makaranta in tara su.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Malamin sakandare, Tudun Wada, Zariya