A Duba Wutar Lantarkin Da Ake Samu Daga Zafin Murhu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan wata dabara da matasanmu na Zariya suka fara gwadawa, wato samun wutar lantarki daga zafin murhu. Sana'ata gyaran rediyo da talabijin, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da wuya rana ta faɗi wani bai tsaya a bakin shagona yana tambaya ko akwai hanyar cajin waya ba tare da an ta da janareta ba.

Hanyar tana nan, sai dai wutarta kaɗan ce. Abin da ake amfani da shi wani ɗan falle ne fari mai kusurwa huɗu, faɗinsa santimita 4, da wayoyi biyu a jikinsa, ja da baƙa. Idan fuska ɗaya ta ɗauki zafi, ɗayar kuma tana sanyi, sai wuta ta biyo wayoyin, babu abin da ke juyawa balle ƙara. Wani Bajamushe mai suna Thomas Seebeck ne ya gano asalin wannan dabara a 1821, kuma a shekarun 1950 mutanen karkara a Tarayyar Sobiyet da zafin fitilar kananzir suke kunna rediyo ta wannan hanya.

Yaron da ke koyon aiki a wurina ya haɗa wa mai shayin da ke maƙwabtaka da mu irin wannan. Ya sa mai walda ya liƙa farantin ƙarfe a bakin kurfoti, ya jera fallaye huɗu a kai, ya ɗora ƙaramar tukunya cike da ruwan sanyi ta danne su. Da garwashi ya kama, sai muka ga lambobin mita suna hawa, ƙwan fitila ya kawo, sannan ya bi da wutar ta wani ɗan allo mai tsayar da ita a bolt 5, wato ƙarfin wutar da ake cajin waya da shi, wayar mai shayi ta fara caji. Abin da ya fi burge ni shi ne, idan ruwan tukunyar ya yi zafi hasken yakan dusashe, sai mai shayi ya juye ruwan a butarsa ya zuba na sanyi. Ruwan bai tafi a banza ba, gawayin ma dama can yana ci.

Matsalar da muka fi fama da ita ita ce fallayen kansu. Waɗanda ake samu a hannun masu kayan gyara an ciro su ne daga na'urar sanyaya ruwan sha, kuma dalmar da ke cikinsu tana narkewa tun zafi bai wuce digiri 140 ba, alhali garwashi ya ninka haka sau da yawa. Da farantin ya yi zafi fiye da kima, shi ke nan sun mutu. Akwai waɗanda aka yi musamman domin wannan aiki, masu jure kusan digiri 300, amma suna da tsada kuma sai an yi odarsu.

Kada kuma a ruɗi mutane. A cikin kashi 100 na zafin da ya ratsa fallen, abin da ke zama lantarki bai fi kashi 5 ba. Zai caja waya, zai kunna ƙwai ɗaya ko biyu, amma dutsen guga mai cin wat 1,000 ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, duk abin da za a nuna maka a Facebook. Don haka asara ce mutum ya hura wuta takanas saboda shi. Amfaninsa yana wurin masu shayi da masu tsire da masu tuyar ƙosai, irin waɗanda ke raba dare a Kwangila da Sabon Gari da Samaru, murhunsu na ci suna kuma sayen batirin tocila.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne hunturu. Kowa ya san sanyin Zazzau, kuma ina tsoron wani ya shiga ɗaki da kurfoti ya rufe ƙofa da taga, ga ɗumi ga caji. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutum yana barci. Wallahi wannan aiki na waje ne ko tsakar gida.

Kirana ga malaman injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli shi ne su karɓi wannan abu hannu biyu. Su auna mana kaurin farantin da zai hana fallayen ƙonewa, su zana murhun da mai walda zai iya ƙerawa da ƙarfen da ke kasuwarmu, su rubuta bayanin da Hausa. Idan sun shirya, shagona a buɗe yake, kurfotin mai shayi ma yana nan su zo su gani.

Naka,
Mai gyaran rediyo,
Tudun Wada, Zariya.