Karatun kyauta da ya ci mini jika uku

Aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali, a can Abijan. Mu nan Tawa zafi ya kankama, da rana yana haura digiri 40. Inna tana gaishe ka, ta ce atamfar ta iso.

Karatun nan na intanet da ka turo mini, na lissafin kasuwanci, wanda ka ce kyauta ne, na shiga. Gaskiya ka faɗa, ba a karɓi ko dala ba wajen rajista. Amma bidiyon mako na farko kawai ya lashe forfen da nake yin kwana goma da shi. Kafin mako na uku na kashe jika uku. Ga kuran, malamin yana tsakiyar bayani sai ɗif, salula kuma saura kaɗan ta mutu. Na tuna 2023, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta wata da watanni. Da a lokacin ne, ko rajistar ba zan yi ba.

Sai harshe. Faransancin malamin gudu yake kamar ana korarsa, misalansa duk na Yuro ne da manyan kantuna. Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne yadda zan rubuta bashin albasa na mutanen Galmi da ba sa biya sai sun sayar. Na yi tambaya a wurin da aka tanada, yau kwana goma sha biyu shiru.

Tun 2012 da aka buɗe Coursera da edX, shafukan da ke ba da irin wannan karatu ta intanet, ake cewa ilimin jami'a ya zo ƙofar kowa, Faransa ma ta buɗe nata, FUN, a 2013. Sai dai masu kai ƙarshe sau da yawa ba su kai ɗaya cikin goma. Da ina cewa lalaci ne. Yanzu da na zauna ni kaɗai a tsakar gida ƙarfe ɗaya na dare, ina jiran rezo ya saki, babu mai tambayata ko na yi aikin mako, na daina zagin masu barin karatun a hanya.

Abin da ya riƙe ni shi ne fadarmu ta shayi. Wani ɗalibin jami'ar nan yana sauko da darussan cikin dare, ya raba mana ta Bluetooth. Mu biyar muke kallo a salula ɗaya da aka jingina da butar shayi, shi yana tsayarwa yana fassara mana da Hausa. Wanda bai zo ba, shi ke sayen sukari washegari.

Takardar shaida kuma sai an biya da katin banki, ni ba ni da shi. In na kai mako na shida zan gaya maka kuɗin, ka biya daga can, in miƙa wa Inna nan. In akwai mai zuwa, ka haɗo mini da batirin cajin salula mai ƙarfi.

Naka har kullum,
amininka na Tawa